Buhun da Kawu Vendel Ya Keɓe

"Ba zan ɗiba daga wannan buhun ba, Kawu."

Kawu Vendel ya tsaya a ƙofar ɗakin awo da buhun a kafaɗarsa. Buhu ne da ya kusa tsayin mutum, amma da hannu ɗaya ake ɗaukarsa, domin audugar dinya ce a ciki, lallausan gashin nan na ƙirji wanda ba shi da tsinke ko kaɗan. Ya sauke shi, ya tura ƙofa da ƙafa ta rufu. Ko yana fushi ba ya manta cewa a ɗakina ba a barin ƙofa a buɗe, saboda iskar waje tana canza laimar ɗakin.

"Hajni, ni ban ce ki yi ƙarya ba," in ji shi. "Cewa na yi ki auna. Ga auduga, ga tulunki. Abin da ya nuna shi za ki rubuta."

"Na san abin da zai nuna. Daga ɗakin ƙarshe na injin sheƙa ka kwaso ta jiya, hannun kowa bai taɓa ta ba. Za ta wuce ɗari takwas. Amma ba ita za a loda wa mota ba. Waɗanda za a loda suna can sito, kuma na riga na auna su."

"To ki sake."

"Na sake, na kuma sakewa. Ko ɗari bakwai ba su kai ba."

Ya cire hularsa ya sosa ƙeya, ya mayar. "Yarinya, masana'antar nan tawa ce ko taki?"

"Taka ce. Hatimin ne nawa."

Sannan ya fita, ya bar mini buhun a tsakiyar ɗaki, wai ko zan sake tunani. Na ja shi na jingine bayan ƙofa, ban kwance bakinsa ba.

Mu mutanen gefen kogin Tisza, a nan Hungari, dinya ce dukiyarmu tun kakannin kakanni. Kawu Vendel ƙanin mahaifiyata ne, shi ya tara dinyoyin ƙauyenmu da na maƙwabta a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya sayo injin wanki da injin sheƙa. Ni kuwa Kaka Piroska ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta tura ni Szeged na karanci zare da saƙa, na ƙara da jarrabawar awon gashi. Na ci ta a zama ɗaya, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Duk yankinmu ni kaɗai ce mai hatimin da masu saye na ƙasashen waje suke yarda da shi ba sai sun aiko mutuminsu ba. Saboda hatimin nan ne wani mutumin Austiriya, mai ɗinka jakar kwana, irin wadda masu hawan duwatsu ke shiga ciki su kwana, ya ba Kawu aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: audugar ta kai ɗari takwas a awon tashi.

Awon ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ana zura hannu cikin buhuna da yawa, a ɗibo daga sama da tsakiya da ƙasa, a cakuɗa. A zuba a akwatin raga, a busa mata tururi, a busar da ita da iska mai ɗumi, sannan a bar ta 'yan kwanaki a ɗakin da zafinsa da laimarsa ba sa canzawa, don ta saki jiki daga matsin da ta sha a buhu. Sai a auna giram talatin a sikeli, a zuba a tulun awo, wani dogon tulu mai miƙaƙƙen jiki wanda ana ganin abin da ke cikinsa, da layukan lamba a gefe. A motsa ta ta warware, a saki faifai mara nauyi sosai a kanta. Faifan yakan yi ta sauka a hankali har audugar ta tare shi. Inda ya tsaya nan ne lambar. Auduga mai kyau tana riƙe faifan can sama, domin ta tara iska da yawa a cikinta, kuma iskar nan da ta kama ita ce ke hana sanyi isa jikin mutum.

Abin da ya dame ni shi ne, audugar Kawu ta bana ta yi kyau. Ni na auna ta lokacin da take fitowa daga inji, ta wuce abin da ake nema. Tsakanin inji da buhu ne wani abu ya faru. Don haka bayan ya fita na ɗibi 'yar kaɗan daga abin da na kwaso a sito, na zauna gaban akwatin tsinta, na ɗauki matsefata. Aikin nan shi ne mafi cin rai: kowane ɗan gashi sai an ɗaga shi an duba, a ajiye shi a nasa kofi, auduga daban, ƙananan gashi masu tsinke daban, silin gashin da ya rabu da uwarsa daban. Rabin yini na yi ban ɗago ba. Kofin sili ya cika har ya yi tozo, abin da bai kamata ya rufe ko gindin kofin ba.

Na sa wasu ƙarƙashin gilashin dubawa. Ba karyayyen gashi ba ne irin wanda inji ke yi. Jere suke, manne da wata siririyar fata a gefe ɗaya, yadda gashi ke fitowa idan an riƙe kansa da yatsu biyu aka ja shi ƙasa aka raba shi da tsinkensa. Tsigaggen gashi ne, aikin hannu, kuma hannun da ya ƙware. Tun ban kai tsayin tebur ba nake ganin irinsa.

Na sami Kawu a bakin inji na nuna masa kofin. Bai yi mamaki ba.

"Je ki tambayi Etelka," ya ce, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Etelka néni (néni muke ce wa manyan mata, kamar a ce inna) matarsa ce, ita ce shugabar matan da ke ɗura auduga a buhu. Ranar kuwa a gidanta ake zaman tsiga. Da hunturu ya shiga, matan ƙauye sukan bi gida-gida da yamma, su zauna su tsige wa mai gidan gashin da ta tara na barguna da matasan kai, ita kuma ta ciyar da su. Na tarar da su kewaye da dogon tebur, kowace ta ɗaure kanta da ɗankwali, ga tarin farin gashi a tsakiya, ga tsinkuna zube a ƙasa. Ɗakin yana ƙamshin dafaffiyar masara da zuma.

"Ga likitar gashi ta zo!" in ji Etelka néni. "Rufe ƙofa maza, kar ki watsa mana aiki. Matsa mata, Jolán, mu ga ko hannun bai mutu a Szeged ba."

Jolán néni, mahaifiyar Lehel wanda zan aura, ta matsa mini a benci tana dariya ƙasa-ƙasa, don a zaman tsiga ba a ƙyaƙyata dariya, gashi zai tashi. Na ɗauki gashi na tsige gefe ɗaya, na juya na tsige ɗayan, na jefar da tsinken fes.

"Ba laifi," in ji Jolán néni. "Ɗana ba zai kwana a kan katako ba."

"Ɗanki ko a kan tarakta kwana yake," wata ta ce daga ƙarshen tebur. "Ranar nan na gan shi baki buɗe, kamar dinyar da ake wa ɗura."

Na bari dariyar ta lafa. Sannan na ce, "Etelka néni, wa ya zuba tsigaggen gashi a buhunan Austiriya?"

Na ɗauka ɗakin zai yi tsit. Sai na ga fuskarta ta washe.

"Au, kin gani? Ban faɗa muku ba? Na ce yarinyar nan sai ta gani." Ta dubi sauran. "Mu muka zuba. Ranar da ake ɗura, kowace ta zo da nata daga gida, mafi kyawunsa. Jolán ma wanda take tara wa jikokin da za ki haifa mata ta kawo."

"Don me?"

"Don me kuma? Ke kin ɗaga buhun nan kuwa? Kamar ka ɗaga iska. Audugar inji ba ta da jiki, Hajni. Mutum zai je kan dutse ya kwana cikin ƙanƙara, a ba shi abin da ko nauyinsa ba zai ji a ƙirjinsa ba? Ai sai ya ce mutanen Tisza sun cuce shi. Aikinmu na farko da baƙo, sai muka ce bari mu ƙara masa daga namu, ba sai ya biya ba."

Na dubi hannayensu. Wasu yatsun sun kumbura, wasu sun karkace saboda tsufa, kuma na san yamma nawa ake zama kafin a cika matashin kai guda. Ba algus suka yi ba. Kyauta suka yi, da abin da suka fi so. Na san haka a lokacin, kuma har yau ban daina sani ba. Duk da haka na faɗa musu.

"Ya ɓata audugar. Ba ta kai abin da aka yi alkawari ba."

Wannan karon kowace ta ajiye gashin da ke hannunta.

"Ɓatawa?" in ji Jolán néni. Ta ɗaga yatsunta ta kawo su kusa da fuskata. "Gashin da na tsige da waɗannan ne ya ɓata wani abu?"

"Ku zo gobe ku gani da idonku."

Su biyu suka zo, Etelka néni da Jolán néni, cikin rigunan zuwa coci, kamar masu zuwa kotu. Na sa su suka karanta sikeli da kansu. Na fara da zallar audugar da na ajiye tun tana fitowa daga inji. Faifan ya sauka kaɗan ya tsaya can sama, na manna ɗan jan ƙyalle a wurin. Na kwashe, na zuba giram talatin na wadda aka ɗibo daga sito. Faifan ya wuce jan ƙyallen, ya ci gaba da sauka, su biyun suna binsa da ido, har ya tsaya kusan faɗin tafin hannu a ƙasa.

Etelka néni ta sa hannu cikin akwatin raga ta damƙi audugar sito, ta matse ta a tafinta, ta buɗe. Ta kumbura ta cika mata hannu.

"Kin gani? Ta tashi. Haka uwata take gwadawa, haka uwarta."

"Ta tashi a hannunki, néni, don hannunki ya sake ta. A cikin jakar kwana ba mai sakinta. Kullum da safe za a cusa ta a ƙunshin da bai fi tulun ruwa ba, a goya ta a baya yini guda, numfashi da gumi su jiƙa ta. Auduga takan farfaɗo. Silin gashi kwanciya yake yi ya manne, wani kuma ya huda ƙyalle ya fice."

"A ƙarƙashin me kika kwana tun kina jinjira?"

"Bargon tsigaggen gashi. Kuma ban taɓa jin sanyi ba. A kan gado, cikin ɗaki, ba abin da ya fi shi. Amma mutumin nan da lambar da na ba shi yake lissafa sanyin da jakarsa za ta iya ɗauka, ya rubuta a jikinta. Wani zai karanta ya yarda, ya hau dutse da ita."

Ta karkaɗe hannunta, ta dubi tulun sama da ƙasa.

"Tulunki bai taɓa kwana a ɗakin da wuta ta mutu ba," ta ce. "Zo mu tafi, Jolán."

Mun gwada gyarawa, kada a ce ba mu gwada ba. Kawu ya sa aka kwance buhunan aka mayar da su injin sheƙa. Injin da iska yake aiki: mai nauyi ya faɗo a ɗakin farko, mara nauyi ya yi ta tashi har ɗakin ƙarshe. Amma silin gashin da aka raba da tsinkensa bai fi auduga nauyi ba, tare suke tashi, ya kuma riga ya sarƙe a cikinta. Na sake turarawa, na sake jira, na sake aunawa. Faifan ya ɗan ɗaga, ya haye ɗari bakwai da ƙyar, ya tsaya.

Kawu ya dawo ɗakin awo ana gobe motar za ta zo. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan kujerar tsinta, wadda ta yi masa kaɗan, ya dubi buhun da ke jingine bayan ƙofa.

"Ba ki ko kwance shi ba."

"Ban kwance ba."

"Hajni, matan nan alheri suka yi niyya. Idan kika rubuta abin da kika gani, ba wanda zai ce alheri. Za a ce Etelka ta yi algus. Matar da ta yi wa uwarki wanka ranar da ta rasu."

"Zan rubuta cewa tsigaggen gashin hannu ne mai tsabta, ba shara ba. Ka kira mutumin ka faɗa masa yadda aka yi. Ka ce ya saya a matsayin ɗari bakwai."

"Ba ya sayen ɗari bakwai. Tafiya zai yi ƙasar Folan, ba zai sake waiwayar mu ba. Kin san gida nawa ke ci daga aikin nan?"

"Na sani."

"Kuma ba wanda zai mutu don jaka ta gaza da ɗan wannan." Ya nuna tsakanin yatsunsa.

"Wataƙila. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne inda faifai ya tsaya."

Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Da na san haka karatun zai fito da ke, da na ce Kaka ta bar ki kiwon dinya."

"Da ba ka sami mutumin Austiriya ba tun farko."

Ya fita, ya ja ƙofa ta rufu.

A gida na tarar da Kaka Piroska tana murza taliya a kan katako. Labari ya riga ni isowa.

"Ga mai hatimi," ta ce. "An aike ki ki koyo karatu, kin koyo taurin kai."

"Wannan a gida na koya, tsohuwa. Malamata tana nan tana ɓata mana taliya."

"Rufe mini baki, mara kunya. Miƙo gari." Na miƙa mata. Ta yi ta murzawa, can ta ce, ba ta ɗago ba, "Bayan Kirsimeti zaman gidanmu ne. Bargon aurenki. Gashin yana can sama cikin buhuna, tun kina makaranta nake tarawa. Kin san su wa za su tsige miki shi?"

"Na sani."

"To. Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kar ki yi ba. Ban san harkar tulunki ba. Na dai san matan garin nan."

Washegari na rubuta lambar da na gani, na buga hatimi. Motar ta zo ta koma ba kaya. Mutumin Austiriya ya yi wa Kawu godiya da ladabi a waya, ya ce ya ji daɗin gaskiyar da aka faɗa masa, sannan ya kai aikinsa wani wuri. Audugar nan daga baya wani mai ɗinka matasan kai ya kwashe ta a araha.

Kawu bai kore ni ba. Ba zai iya ba, ba shi da wani mai hatimi. Da ya kore ni ma wataƙila da ya fi mini sauƙi, in tattara kayana in koma Szeged, inda an sha yi mini tayin aiki. Ban tafi ba. Ban ga dalilin da zai sa in bar garinmu kamar wadda ta yi sata ba. Kullum da safe nakan taka dusar ƙanƙara in bi ta tsakiyar gari, ba ta bayan lambuna ba, in gaida duk wadda na haɗu da ita da sunanta. Wasu su amsa da ka, wasu su tuna suna da abin dubawa a cikin kwando. A wurin aiki matan ɗura sun daina kirana shan shayi, sai nake cin burodina a ɗakin awo ina kallon faifai. A coci bencinmu ya yi faɗi, ni da Kaka kaɗai. A shago mai sayarwa ta tambaye ni ko in kawo sikelina ne in auna sukarin, kada a ce ta rage. Na ce mata ba sai na kawo ba, idona ma ya isa, ta ƙara cokali ɗaya. Ba ta yi dariya ba, amma ta ƙara.

Aiki ya ragu, Kawu ya sallami rabin matan ɗura. Jolán néni tana cikinsu. Lehel ya zo ya same ni a bakin shinge, hannayensa duk baƙin mai.

"Uwata ta ce in tambaye ki ko ni ma za ki sa ni a tulu kafin ki yarda."

"Ka ce mata na riga na auna ka. Ba ka kai ɗari bakwai ba, amma na karɓa."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta ƙare. "Tana kuka, Hajni. Ba don aikin ba. Ta ce gashin jikokinta ta bayar, aka ce datti ne."

"Ban ce datti ba ne."

"Na sani. Haka dai ta ji."

Ranar zaman gidanmu ta zo. Kaka ta ce kada a fasa komai. Muka sauko da buhunan gashi, muka jawo dogon tebur tsakiyar ɗaki, muka aro benci daga maƙwabta, waɗanda suka ba mu ba tare da sun tambayi na mene ne ba. Na dafa masara tukunya guda, Kaka ta gasa waina mai ƙwayoyin fofi, 'yan baƙaƙe masu kama da riɗi, faranti biyu. Muka ɗaura ɗankwali muka zauna tun rana ba ta yi sanyi ba.

Na ji takun mutane a kan titi, na ji sun wuce. Daga baya na sami labari cewa a gidan wata aka yi zama ranar, wadda ba layinta ba ne.

Ni da Kaka kaɗai muka rage a bakin tebur. Ta jawo gashi ta fara tsiga da yatsunta da ba sa lanƙwasuwa sosai. Ni ma na fara. Muna cikin haka aka buga ƙofa, sai ga Lehel shi kaɗai, hannunsa ɗaya cikin riga. Samari sukan yi wa matan tsiga tsiya, su saki ɗan tsuntsu a ɗakin ya yi ta fiffika gashi ya watse ko'ina, mata su bi su da tsintsiya. Ya dubi bencin da ba kowa, ya dube mu. Ya koma waje ya buɗe hannunsa, tsuntsun ya tashi.

"Na zo in watsa muku aiki," ya ce, "sai na ga ba aikin."

"Zauna," in ji Kaka. "Wanke hannun nan tukuna, kar ka mayar mana da farin gashi na hankaka."

Ya zauna ya tsige. Duk wanda ya kama sai ya karya tsinken ya bar rabinsa a ciki.

"Wannan in ya shiga bargo, shi zai soke ka ranar aure," Kaka ta ce, tana tsince su. "Kuma ka cancanta."

Muka ci masara har muka gaji, sauran aka ba dinyoyi. Aikin da mata cike da ɗaki suke gamawa a zama biyu ko uku, mu muka yi ta jansa har ƙanƙara ta narke, ni da Kaka, kowace yamma bayan na taso aiki. Yatsunta suka kai inda ba sa iya riƙe gashi, sai ta koma zama kusa da ni tana gaya mini inda na yi ha'inci. Ba mu gama ba.

An ɗaura aurenmu bayan Ista. Bargon da aka kai gidana rabinsa ne cike, sai an karkaɗo gashin zuwa tsakiya kafin ya rufe mutum biyu, kuma duk wadda ta zo ganin ɗaki ta taɓa shi ta ji. Buhun da Kawu ya keɓe ya mayar da shi sito da kansa, bakinsa a ɗaure yadda ya kawo shi. Mutumin Austiriya bai dawo ba. Matan da aka sallama ba a mayar da su ba. Wasu suna hawa bas zuwa mayankar kaji a birni, kuma kowa ya san hatimina ne ya kai su can. Jolán néni tana zuwa gidan ɗanta idan ina wurin aiki. Kawu ya daina ce mini Hajni, Malama Hajnalka yake cewa, da cikakken sunana, ko a gida. Etelka néni ba ta ƙara kirana likitar gashi ba, ba ta ƙara kirana da kowane suna ba. Wannan hunturu na uku ke nan ana zaman tsiga gida-gida a garinmu, kuma ba a taɓa buga ƙofata an ce in zo ba.